Gurbi Bakwai a Lamba Ashirin da Bakwai

Ƙofa nawa ce a wurin aikinka da ba ka taɓa ƙwanƙwasawa ba? Ka taɓa tsayawa ka ƙirga? Mai Taga bai ƙirga nasa ba sai da ya shekara goma sha bakwai a kujera ɗaya, kuma ranar da ya ƙirga ya samu arba'in da uku.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida. Shi ke zaune a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwalejin koyon sana'a, a hawan ƙasa, hannun dama da shigowa. Ɗakin taku shida ne a tsaye, taku huɗu a kwance. Tebur ɗaya, kabad biyu na ƙarfe, fanka mai kuka, sai taga mai sanduna biyar wadda duk mai neman gurbi sai ya sunkuya a gabanta. Daga kai zuwa ƙirji kawai jama'a suka san shi. Wata ɗaliba ta taɓa cin karo da shi a bakin titi, ta rantse ba ta san yana da ƙafafu ba.

Kada a ɗauka rago ne, domin ba a taɓa ganin mai saurinsa ba. Kwas ashirin da shida kwalejin ke da su a ƙasidarta, duk ya haddace su da lamba. Ka ce masa aikin wayar lantarki, ya ce tara. Ka ce gyaran injin sanyi, ya ce goma sha huɗu, ya jero maka darussan da ake so ka ci kafin ka rufe baki. Minti uku yake ba kowane mutum, a lokacin ɗauka yakan sallami casa'in a rana. Ya karɓi fom, ya bi shi da ido daga sama zuwa ƙasa, ya buga hatimi, ya ce na gaba. Abin da yake alfahari da shi ke nan, cewa bai taɓa barin layi ya kwana ba.

Ƙasidar da yake dogara da ita kuwa shekararta takwas. Duk shekara ana sake mata bango, a canja launi, a sa hoton sabon gini, amma cikinta yana nan yadda yake. Takardun sanarwa da ke saukowa daga sama yana da kwali na musamman da yake zuba su a ƙarƙashin tebur, da niyyar zai karanta in layi ya ragu. Shi kuwa layi ba ya raguwa. Sama a wurinsa wata duniya ce. Hawa uku ne a kan kansa, yana jin jan kujeru da takun ɗalibai, bai taɓa ganin dalilin hawa ba. Yakan ce shi mai tsaron ƙofa ne, abin da ke cikin gida na masu gida ne.

Hutunsa ɗaya ne a rana. Ƙarfe goma da rabi zai rufe taga ya zagaya bayan gini, inda mai shayi ke da benci biyu. Nan suke haɗuwa da wani dogon mutum mai zuwa aiki a kan keke, kullum cikin farar riga da ta sha wanki har ta koma ruwan toka, da tarin makullai a ƙugu. Ganin makullan nan Mai Taga ya yanke cewa mai kula da sito ne, ya sa masa Sarkin Makullai, shi kuma ya amsa. Shekara tara suna zama benci ɗaya. Hirarsu ƙwallo, sai ciwon baya, sai zagin fankar ofis. Sau ɗaya a shekara Sarkin Makullai kan zo taga da 'yan fom a hannu, cikakku, an rubuta lamba ashirin da bakwai a samansu. Mai Taga ya buga musu hatimi yana tsokanarsa wai yau kuma an mai da sarki ɗan aike. Dogon ya yi dariya ya tafi. Lambar ba ta cikin ƙasida, ba wanda ya taɓa tambayarta a taga, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Mai Taga su bakwai ne a ɗakinsu, shi ne babba, Auta ce ta ƙarshe, shekara goma sha uku tsakaninsu. Shi ya riƙa kai ta makaranta a kafaɗa. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, sai ta samu aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, tana wanke kwalabe da gilasan da ake ɗiga jini a kai. Shekara goma sha ɗaya tana wannan wanki, daga bakwai na safe zuwa biyu na rana. A tsaye take a bakin famfo, amma idonta na kan tebur. Ta kai ga sababbin ma'aikata masu takarda kan kira ta a asirce ta leƙa musu madubin da ake duba jini da shi, ta faɗa musu abin da suke gani, su rubuta su sa hannu. Takarda ce kawai babu. Sau biyu ta sake zama jarrabawa kafin ta cike darasi ɗaya da ya rage mata, ta cike shi tana da shekara talatin da huɗu. Hukumar da ke ba da shaidar wannan aiki kuwa ba ta karɓar wanda ya cika talatin da biyar. Shekara ɗaya tak ta rage mata, ita ce wannan.

Ba ta bi layi ba, gida ta same shi ranar Asabar da safe, da takardunta a cikin leda. Matarsa ta tare ta tun daga ƙofa da kirarin Likita, ta ce in ta fara duba jini ta fara da na yayanta, a gani ko shayi ne ke yawo a jikinsa. Auta ta ce ai ba sai an duba ba, tun daga nan tana jin ƙamshin madara. Suka yi ta yi, shi yana duba takardu. Bai kai minti uku ba ya ɗago.

"Lamba goma sha takwas. Gwajin asibiti, ajin yamma, huɗu zuwa bakwai. Kamar don ke aka yi shi."

Ta tambaye shi ko ya tabbata babu abin da ake yi da safe, domin shugaban ɗakinsu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, kuma aikin nan shi ke riƙe da ita da yara. Ya yi mata irin kallon da yake yi wa masu yawan tambaya a taga. Ya ce ita da aka haifa a gabansa za ta koya masa aikinsa? Shekara goma sha bakwai yana wurin nan. Ta ba shi haƙuri tana dariya. Ranar Litinin ya cike fom da hannunsa ya buga hatimi, ya wuce kasuwa ya sayo mata farar riga sabuwa fil, mai aljihu uku.

Mako biyu na farko lafiya lau. Ta tashi aiki ƙarfe biyu, ta leƙa gida, huɗu tana aji. In ta wuce ta gaban taga sai ta ɗaga masa littafi, shi kuma ya ɗaure fuska irin ta manya, zuciyarsa fari ƙal. A mako na uku aka liƙa jadawalin darasin aikin hannu, wanda ake yi a ɗakin gwaji. Talata da Alhamis, takwas na safe zuwa sha biyu. Darasi goma sha shida a zango, wanda ya rasa huɗu ba zai zauna jarrabawa ba.

Ta fara zuwa wurin shugabanta na asibiti. Ya ce da safe ake kawo jini da fitsari, masu wanki biyu gare shi, in ta ga za ta iya barin aikin ga hanya nan. Sannan ta zo wurin yayanta. Ba ta yi kuka ba, ta miƙa masa jadawalin da ta kwafa a bayan littafi. Ya karanta sau biyu, ya ce kuskuren mai bugawa ne, ta bar masa, Litinin zai gyara.

Litinin ƙarfe tara ya rufe taga da mutum goma sha ɗaya a layi, abin da bai taɓa yi ba, ya kama matakala. Ashirin da biyu zuwa hawa na farko, ashirin zuwa na biyu, ashirin zuwa na uku. Sittin da biyu. Ya isa yana haki, ya tsaya a wani dogon baranda mai ƙofofi iri ɗaya, bai san gabas ba bai san yamma ba. Wata mai shara ce ta nuna masa sashen gwajin asibiti. Sakatariyar sashen ta ɗago ta dube shi, ta tambaye shi da ladabi ko uban wani ɗalibi ne. Da ya ce shi ne na ofishin ɗauka, ta ce ikon Allah, ashe mutum ne, ita hatiminsa kawai ta sani.

Shugabar sashen mace ce mai tabarau, bai taɓa sa ta a ido ba, ga shi shekararta shida a kujerar. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ba kuskure ba ne. Malamin da ke yin aikin hannu da yamma ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, tun lokacin aka mai da darasin safe, kuma sanarwa uku ta aika ƙasa a kan a daina ce wa mutane ajin yamma ne zalla. Duk shekara sai ta rasa ɗalibai biyar ko shida a kan haka, masu aikin safe, su zo su yi mako uku su ɓace. Mai Taga ya tuna da kwalin ƙarƙashin teburinsa. Ya yi ƙarfin hali ya ce wannan karon ƙanwarsa ce, ya faɗi aikinta da shekarunta.

Matar ta cire tabarau.

"Ma'aikaciyar asibiti ce? To me ya kai ta goma sha takwas? Me ya hana ka sa ta a ashirin da bakwai?"

Ya ce mene ne ashirin da bakwai.

 Ta ce ya bi barandan nan har ƙarshe, ƙofa ta ƙarshe a hagu, mai shirin yana ciki.

Ƙofar a buɗe take. Ɗaki ne mai tebura biyar dogaye, madubin duba jini goma a jere, kowanne da rigarsa ta leda. Ga keke a jingine a lungu. Ga dogon mutum cikin riga ruwan toka yana buɗe kabad da ɗaya daga cikin makullansa. Ya juyo, fuskarsa ta washe, ya ce lallai yau za a yi ruwa, taga ta hau bene.

Mai Taga ya ce yana neman malamin da ke riƙe da lamba ashirin da bakwai. Sarkin Makullai ya ɗauka wasa ne, ya ce ya jira a kira masa shi. Da ya ga ba a yi dariya ba, sai ya ajiye makullan a kan tebur. Ya ce shi ne mana. Shekara ashirin da ɗaya yana koyar da gwajin jini a ginin nan. Shi ya yi ta faɗi-tashi har aka buɗe shirin shekara shida da suka wuce, don masu wanki da masu shara da masu ɗaukar kaya a ɗakunan gwaji, waɗanda hannunsu ya san aiki amma ba su da takarda. Asabar da Lahadi ake yi, karatu da aikin hannu duka, shaida iri ɗaya da ta goma sha takwas. Gurbi ashirin ne. Da yake taga ba ta taɓa turo masa ko mutum ɗaya ba, shi yake bin asibitoci a kan keke yana nema. Bana goma sha uku ya samu. Asibitin su Auta yana can ƙetaren gari, sau biyu yana sa ranar zuwa ciwon baya na hana shi.

"Na zaci ka sani," in ji shi. "Kai kake buga musu hatimi."

Gurbi bakwai babu kowa. Mai Taga ya zauna a kan wata doguwar kujera ba tare da an ce ya zauna ba.

Sarkin Makullai bai tsaya jaje ba, ya ja hannunsa suka sauka hawa na farko wurin magatakarda. Dattijon ya ji bayani, ya girgiza kai, ya jawo fayil. Canjin kwas mako biyun farko ake yi. Jerin sunaye ya tafi hukumar jarrabawa tun Juma'ar waccan, kwana goma ke nan, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ya juyo da kwafin don su gani. A shafi na ƙarshe ga lamba ashirin da bakwai, goma sha uku cikin ashirin, a ƙasanta ga hatimin rufewa, ɗan karkace zuwa dama yadda Mai Taga ke bugawa. Duk da haka suka rubuta wa hukumar takardar roƙo, su uku suka sa hannu, shugabar sashe ta ƙara nata. Magatakarda ya ce kada su sa rai.

Da aka tashi aiki bai hau mota ba, da ƙafa ya tafi gidan Auta, tafiyar minti hamsin, yana saƙa da warwara. Hanya biyu ce a gabansa. Zai iya cewa ya je, ya yi magana, an ƙi, jadawali ba ya canjuwa. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai tona sauran. Ko kuwa ya faɗi duka. Har ya kai ƙofar gida ya tsaya a kan ta farko.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana goge farar rigar, yara suna aikin makaranta a kan tabarma. Ta kawo masa ruwa. Ya faɗi abin da ya shirya, kansa a ƙasa. Ta ci gaba da guga, ta bi aljihu ukun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce ba komai, haka Allah ya so, ta san ya yi iya ƙoƙarinsa, wa take da shi in ba shi ba.

Wannan godiyar ce ya kasa haɗiyewa. Ya ce ta ajiye dutsen guga, akwai saura. Ya faɗa mata ashirin da bakwai, da Asabar da Lahadi, da gurbi bakwai, da hatiminsa a shafin ƙarshe, da dogon mutumin da ke riƙe da shirin. Ta tambaya ko baƙo ne malamin, sabon zuwa. Ya ce a'a, abokin shan shayinsa ne, shekara tara.

"Shekara tara, Yaya. Hirar me kuke yi?"

"Ƙwallo."

Ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da ta dace. Ta ninke rigar gida huɗu ta shiga da ita ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta tambaye shi lafiyar matarsa.

Ba ta saki nan take ba. Ta roƙi abokiyar wankinta ta riƙe mata Talata ɗaya, ta yi ƙaryar ciwo wata Alhamis, ta samu darasi biyu. Malamin ya ce bai taɓa ganin hannu mai tsabta irin nata ba. A na uku shugabanta ya ajiye mata takardar gargaɗi a bakin famfo. Amsar hukuma ta iso bayan kwana goma sha tara, layi biyu, ba a canji bayan rufewa. Kafin wata ya ƙare ta rasa darasi huɗu, aka ja layi a kan sunanta. Wata biyar bayan haka ta cika talatin da biyar. Matar Mai Taga ba ta ƙara ce mata Likita ba, ba wanda ya hana ta, bakinta ne ya ƙi.

Auta ba ta yi gaba da shi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana zuwa gaisuwa, tana ce masa Yaya, tana kawo yara. Abu ɗaya ne ya canja, ba ta ƙara tambayarsa komai ba. Da babbar 'yarta ta isa shiga sakandare, wurin maƙwabci ta je neman shawara, shi a bakin matarsa ya ji.

Kwalin ƙarƙashin tebur ya fara zazzagewa. Sanarwa ɗari biyu da shida, ya karanta su cikin kwana tara. Sannan ya sayi littafi mai bango baƙi, ya bi hawa uku yana ƙirga ƙofofi, ya samu arba'in da uku. Duk Laraba, maimakon benci, sai ya ɗauki ƙofa ɗaya. Tambaya uku yake yi: me kake koyarwa, ƙarfe nawa ake yi kuma a wane ɗaki, wane irin mutum kake so in turo maka. Minti goma sha biyu suke ci, in mai ɗakin ba mai surutu ba ne. Wasu sun yi murna, wasu sun ɗauka bincike aka turo shi, wani malamin walda ya riƙe shi awa guda yana zuba ƙorafin shekara goma. Kafin ya gama zagaye ya tsinci kuskure goma sha ɗaya a cikin ƙasida. Lamba shida an rufe ta tun shekara uku. Lamba tara ana gwada ido, wanda ba ya bambance launin waya ba ya wucewa, shi kuwa ya tura mutane ba adadi ba tare da ya gaya musu ba. Bai san su ba, bai san inda suka ƙare ba. Wannan lissafin ne kaɗai ba ya iya yi.

Yanzu ba ya sallamar casa'in a rana, da ƙyar yake kai hamsin. Layi na kwana, ana zaginsa a baranda, ana cewa tsufa ya kama Mai Taga. Magatakarda ya yi masa magana sau biyu a kan jinkiri. Da ɗauka ta zagayo, ashirin da bakwai ta cika ashirin cif, karo na farko tun buɗe ta. Ta goma sha shida a layin wata mata ce 'yar shekara talatin, hannuwanta sun yi fari saboda sabulu. Ta ce abokiyar wankinta ce ta turo ta, ta ce ta nemi lamba ashirin da bakwai kada ta yarda da wata. Ta ɗaga wata leda ta nuna masa, wai har riga ta ba ta. Ta cikin ledar ya hango aljihu uku. Ya buga hatimi, ya rufe taga, bai buɗe ba sai bayan minti ashirin.

Auta tana nan a bakin famfo, bakwai zuwa biyu, shekara ta goma sha uku. Har yanzu masu takarda na kiranta a asirce.

Kai da kake zaune a taga, ko wace iri ce tagarka, gobe in ka je aiki ka tashi ka ƙirga ƙofofin. Ka zaɓi ɗaya, ko ka fara da wanda kuke zama benci ɗaya, ka yi masa tambayoyin nan uku, ka rubuta amsar. Minti goma sha biyu ne. Don Allah ka gwada, tun kafin naka ya zo layi.